Yadda Jajayen Shanu Suka Raba Ni da Hawan Kibo

Akwai wani maƙwabcina malamin makaranta, mutumin kirki ne, amma ya iya fama wa mutum tsohon ciwo. Da yake ya san na yi shekaru ina tuƙin mota, duk ranar da muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidana bayan la'asar sai ya zaro wayarsa ya ce in zo in ga hanyoyin da masu son tuƙi na duniya suke mafarkin bi. Ya nuna min wata da ta nannaɗe jikin dutse a ƙasar Turawa, kwana a kan kwana, ƙanƙara fara fat a gefe. Ya nuna min wata da aka shimfiɗa a kan teku, ruwa dama ruwa hagu, ba ka ganin ƙarshenta. Akwai wata ma da aka huda dutse aka bi ta cikinsa. Wai mutane suna tashi takanas daga ƙasarsu, su hau jirgi, su je su ɗauki hayar mota, don kawai su tuƙa a kan waɗannan hanyoyi su koma gida. Shi dariya abin yake ba shi, yana cewa Turawa sun rasa aikin yi. Ni kuwa ba ya ba ni dariya ko kaɗan, domin na san wannan ciwo, na kwana da shi na tashi da shi. Ni ma ina da tawa hanyar da na yi mafarkin tuƙa mota a kanta, kuma ba a bayan teku take ba, a ƙasar nan take. Sunanta Hawan Kibo, gangaren da ake saukowa daga duwatsun Jos idan za a nufi Akwanga da Lafiya. Shanu ne suka raba ni da ita, kuma har yau idan na tuna sai na yi ƙwafa.

A tashar Anka na yi wayo. Inna ta gaji da guduna daga gona, rannan ta kama hannuna ta kai ni wurin wani dattijo mai motoci, ta ce masa tunda ƙarfe nake so, to ga ni ga ƙarfe. Wannan dattijo shi ya zama maigidana. Tsohon direban babbar mota ne, ya yawata ƙasar nan har idonsa ya fara rauni, sai ya ajiye sitiyari ya koma kan benci a tasha yana lura da motocinsa uku. Biyu a-kori-kura ne masu zirga-zirga tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi. Ta ukun gingimari ce mai bodin katako, wadda take kai wake Jos, ta gangara Lafiya ta yi lodin doya ta dawo. Aikina na farko wanki ne. In ɗebo ruwa a garwa in wanke mota tas, in duba baƙin mai da ruwan lagireto, in goge filogi, idan an murɗa makulli ta ƙi tashi mu sa kafaɗa mu tura. Har yanzu kunnena yana riƙe da tashar wancan lokaci: kamasho yana ƙwala kiran Gummi har muryarsa ta dishe, cokalin mai shayi yana kaɗa kofi, bugun guduma daga rumfar mai faci, rediyon wani yana kawo labaran duniya, tumakin da aka ɗaure a kan lodi su ma suna nasu kukan. A zamanin nan da nake ba da labari, direba da kunne yake tuƙi. Maigida yana zaune a bencinsa zai ji mota ta shigo tasha, ko kai bai ɗaga ba zai ce filogi ɗaya ba ya ci, a buɗe a tarar haka ne. Direbobin yanzu kuwa sun toshe kunne da waya, sai injin ya buga sannan su san akwai magana, su fito suna zagin bakanike.

Mu biyu muka koyi mota a hannunsa, ni da wani abokina da muka taso unguwa ɗaya. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutum ne mai haƙuri da riƙon amana, amma tuƙinsa abin takaici ne. Yana riƙe sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, jaki ma idan ya yi niyya sai ya wuce shi. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu, wannan ko maƙiyina ya sani. Da aka damƙa mana a-kori-kura ɗaya-ɗaya, sai hanyar Gummi ta zama tawa. Wanda bai bi ta da damina a wancan lokaci ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ka fito daga Anka da hantsi bayan an sha ruwa, kwalta ta wanku baƙa wuluk, gero da dawa sun yi kore shar dama da hagu, kuka da kanya da ɗorawa a tsaitsaye, balbelu suna bin garke, matan Fulani da ƙoren nono a bakin hanya suna ɗaga hannu. Ka sauke gilashi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mota. Akwai wata doguwar kwana kafin a kai wata gada, na san daidai inda zan sassauta ƙafa, in sauya giya, in bar mota ta kwanta cikin kwanar, in sake taka ta ta miƙe, kuma fasinja ko furarsa ba za ta zube ba. Babu mai tsoron hanya a lokacin. Taya ta yi faci a daji, ka zauna ka canza a natse, makiyayi ya zo ya kama maka, ya ba ka nono ka sha. Yau hanyar tana nan, amma ramuka sun cinye ta, kuma wanda ya bi ta ba ya kallon gero, daji yake leƙe yana karanta duk addu'ar da ya iya. Wannan abu yana ƙona min rai ƙwarai.

Sai dai duk kyanta, hanyar Gummi shimfiɗaɗɗiya ce, babu wani hawa ko gangara na a-zo-a-gani, kuma maigida ya riga ya cusa min son wata. Idan aiki ya lafa da azahar yakan tara mu ya ɗauko labarin tafiye-tafiyensa, kuma ko ta ina ya fara, a Hawan Kibo yake ƙarewa. Zai miƙa hannaye biyu kamar yana riƙe da sitiyari ya ce, “Ku ba ku san tuƙi ba sai kun sauka Hawan Kibo da lodi. Tun daga bisa kaka sa mota lamba biyu, ka ƙyale ta ta riƙa kukanta. In ka dogara ga birki, kahin rabi ya yi zahi ya sake ka. Dutsi hannun ga, rami hannun ga, ƙasa duk ta shimhiɗe ƙarƙashinka har iyakar ganinka. Ka gama kwana guda, wata na jiranka. In ka kai ƙasa lahiya, nan kaka sanin kai namiji na.” Abokina yakan yi gyangyaɗi a tsakiyar labarin. Ni kuwa na haddace hanyar tun ban gan ta ba, na san inda zan sa giya lamba biyu, na san inda zan yi ham. Akwai wani ɗan gangare a hanyar gulbi wanda ko akuya ba ta ɗauke shi hawa ba, amma duk ranar da na bi ta nan sai na sa giya kamar yadda maigida ya ce, ina sauka a hankali, fasinjoji suna tambaya ko mota ce ta samu matsala.

Wata shekara, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, maigida ya kira mu mu biyu. Ya ce, “Direban babbar mota za shi aje aiki in kaka ta yi, ƙarhinai ya ƙare. Ɗayanku za ni ba makulli. Wanda duk yah hitar da damanar ga lahiya, ba a kawo min ƙara tai ba, shi na.” Wallahi a zuciyata na riga na karɓi makullin. Na shiga kasuwa na sayi ɗan tawul irin wanda manyan direbobi suke ratayawa a wuya, na ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. Na gaya wa Inna cewa da kaka ɗanta zai tafi Jos. Ta dube ni ta ce, “Jos ɗin mi? Mi Gummi tar rage ka da shi?” Na ce mata ba za ta gane ba, maganar direbobi ce.

A nan sai in bayyana wata dabara ta aikinmu, domin a kanta komai ya rataya. Ranar kasuwa mukan bar kwalta mu shiga ƙauyukan ƙasar Bukkuyum, kuma a kan hanyar wani ƙauye akwai rafi marar gada. Da rani yashi ne kawai, da damina kuwa idan an yi ruwa a sama sai ya kawo, ja wur, ba ka ganin ƙasansa. Mashigi ɗaya ne, mutane da dabbobi da motoci duk ta nan suke ƙetarewa. Ba mu da sandar awo, kuma babu direban da zai tuɓe ya shiga ruwa mai gudu a gaban fasinjojinsa. Shanu ne ma'auninmu. Maigida ya koya mana tun ranar farko: “In ka iske ruwa ga mashigi, kak ka yi gaggawa. Jira shanu. In sun shiga, dubi cikin saniya. In akwai taƙi guda na hannu tsakanin ruwa da cikinta, sassauta bel ɗin hwanka, naɗe wayoyin wuta da leda, sa lamba ɗaya, kak ka ɗaga ƙahwa daga totur sai ka hita. In ruwa ya taɓa cikinta, kashe mota ka nemi inuwa.” Da wannan dabara na ƙetare rafin nan sau ba adadi, ko tari mota ba ta taɓa yi min ba. Na yarda da ita kamar yadda na yarda da sunana.

Ranar da abin ya faru, damina ta yi nisa, gero ya fara ɗaukar ciki. Na yi lodin buhunan takin zamani na wani tsohon manomi, da gishirin 'yan kasuwa, mutane kuma suka hau kan kayan, mata da maza. Tsohon mai takin yana gaba kusa da ni. Muka isa rafi da hantsi, muka tarar ya kawo. Na kashe mota muka sauka. Can sai ga abokina ya iso da tasa motar a bayana, ya leƙa ruwan sau ɗaya, ya koma gindin kanya ya zauna yana ɓare gyaɗa, ko a jikinsa. Muka yi ta jira, rana tana ɗagawa, masu kaya suna ƙorafin kasuwa za ta ci ba da su ba. Ana haka sai ga garke ya ɓullo daga daji, jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, wani dattijon Bafulatani da samarinsa biyu suna kora su. Muka gaisa, suka kaɗa shanun cikin ruwa. Na tsuguna a bakin gaɓa na ƙura ido. Na dubi ta farko, na dubi ta biyu, na dubi wajen goma. Tsakanin ruwa da cikinsu akwai taƙi guda har da ɗori. Na miƙe na karkaɗe wando, na buɗe gaban mota na sassauta bel, na naɗe wayoyi da leda, na ce kowa ya hau.

Tsohon mai taki bai motsa ba. Ya ce, “Direba, ruwan ga bai kwanta min ba. Mu ɗan jira shi rage.”

Na ce, “Baba, ku kun san gona, ni na san mota. Ku dai ku shigo.”

Na juya wajen abokina na ce masa ya biyo bayana. Ya watsa gyaɗa a baki ya ce, “Ni dai ba ni shiga. Kasuwa ta daɗe ba ta ci ba.”

Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina yau maganar makulli ta ƙare, domin kafin magariba labari zai kai wa maigida cewa ɗaya ya ƙetare, ɗaya ya zauna cin gyaɗa. Na sa lamba ɗaya, na yi bisimilla, na shiga. Da farko komai daidai, ruwa yana tsagewa a gaban mota, ƙafata tana kan totur ba ta rawa. Muna kaiwa tsakiya sai na ga ruwa ya hau kan murfin injin. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Shirun nan har yau ina jin sa. Na murɗa makulli, ko ƙyas. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, ya rufe min ƙafa, ya kai kujera. Sai na ji bayan motar ya ɗan ɗaga ya fara karkata zuwa inda ruwa yake gudu. Mata suka ɗauki salati, wani yana kiran sunan Allah da ƙarfi, tsohon da ke kusa da ni ya riƙe ƙofa. A nan ido ya raina fata.

Fulanin nan ne suka cece mu, Allah ya saka musu. Suka bar shanunsu a gaɓar can suka dawo cikin ruwa, suka riƙe sandunan juna suka yi layi, suka riƙa fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata tsohuwa da ɗaya daga cikin samarin ya saɓa a kafaɗa, tana tafe tana tsine min har gaɓa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Kaya kuwa ba a magana. Gishiri ya koma ruwa, takin tsohon nan ya narke ya bi rafi, sai buhuna a saɓule. Aka aika ƙauye aka kawo shanun huɗa guda biyu da igiya don su jawo motar. Ina tsaye a jiƙe sharkaf, dattijon Bafulatanin ya matso ya ce, “Direba, mi yas sa ka shiga ruwan ga?”

Na ce, “Baffa, da shanunku na auna. Ruwa bai kai cikinsu ba.”

Ya kama baki. Ya dube ni, ya dubi garkensa, ya ce, “Da shanunmu? Ai waɗanga rahaji na, daga arewa munka kawo su bana. Dubi ƙahwahunsu. Ba irin bokolon ƙasar ga na ba.”

Na duba. Ƙafafu zaƙo-zaƙo, ciki a ɗage can sama. Daidai lokacin aka kora shanun huɗar cikin rafi, su kuwa bokolo ne irin namu, gajeru masu jiki, waɗanda duk shekarun nan nake awo da su ban taɓa lura ba. Ruwan ma ya ɗan ragu a lokacin, amma suna shiga ya shanye cikinsu gaba ɗaya. Ni da na tashi a Anka, na yi kiwo da ƙuruciya, na san rahaji na san bokolo tun ban iya ɗaura wando ba, amma ranar idona yana kan ciki da ruwa kawai, ban ga saniyar ba. Tsohon manomi ya ɗaga buhu ɗaya yana ɗigar ruwa, ya juya shi, ya ce, “Direba, ka ce ka san mota.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Bayan la'asar ruwa ya janye, abokina ya ƙetare ya sauke mutanensa ya dawo, ko tabarmar motarsa ba ta jiƙe ba. Shi ya ɗaura min igiya ya jawo ni har cikin tashar Anka, a hankali, da irin tuƙin nan nasa, yadda kowa a garin ya samu damar kallona.

Washegari da safe na je na durƙusa gaban bencin maigida. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar min da hankali. Ya ce in ba shi labari, na ba shi tun daga farko, na ƙare da cewa, “Maigida, maganarka na bi. Taƙi guda ka ce, kuma akwai taƙi guda.”

Ya ce, “Maganata ka bi. To idonka hwa, wa kab ba ajiya?”

Na ce, “Ba ka taɓa ce min in dubi irin saniya ba.”

Ya ce, “Sai na hwaɗa ma ɗan Anka saniya iri-iri ta? Tsoho ya ce ka jira, abokinka ya ce ba shi shiga, ruwa na gudu gabanka, duk ba ka gani ba, don ka riƙe magana guda. Hannu kana da shi, ban taɓa koya ma wanda yah hi ka ba. Amma Hawan Kibo babu shanun da za ka auna da su. Can in ka yi kuskure, ba shanun huɗa aka kira ba.” Ya sa hannu a aljihu, a gabana, ya kira abokina ya miƙa masa makullin gingimari tun kaka ba ta yi ba.

Na yarda na yi kuskure, ban taɓa musu ba. Amma har gobe ina cewa hukuncin ya yi tsauri. Shekara da shekaru ina bin mutumin nan, ban taɓa goga masa mota a jikin ko kara ba, kalma ɗaya da zai ƙara a kan dabararsa da ta wadatar, bai ƙara ba, sannan rana ɗaya ta shafe komai. Na koma gida raina a jagule, ina tsammanin Inna za ta taya ni baƙin ciki. Tana tankaɗe ta ji labari, ta ajiye rariya ta ɗaga hannu sama ta ce, “Alhamdu lillahi! Allah shi yi ma shanun ga albarka, sun tsare min kai gida.” Na rasa inda zan sa kaina. Abin da ya ƙarasa ni shi ne dawowar abokina daga tafiyarsa ta farko. Na danne zuciya na je na tare shi, na ce ya ba ni labarin Hawan Kibo, kwana nawa ce, yaya ake ganin ƙasa daga sama. Ya yi hamma ya ce, “Hanya ta dai. Akwai sanyi, kuma kunnuwa na toshewa.” Wannan shi aka ba hanyar da na haddace.

Za a ce me ya hana ni neman babbar mota a wani wuri. Na nema. Amma tasha ba ta mantuwa, kafin wata guda an laƙaba min Direban Rahaji, kuma sunan ya riga ni isa Gummi da Bukkuyum. Duk mai motar da na tunkara sai ya yi murmushi ya ce ai ya ji labari. Ni ma da taurin kai, na rantse ba zan sake roƙon kowa ba. Na yi aure, 'ya'ya suka zo, maigida ya rasu, magada suka sayar da motoci, na koma jan ƙaramar bas ta wani. Ina kan hanyar nan zinariya ta ɓulla, samari suka bar gona suka bar tasha, babura suka cika ko'ina ɗauke da buhunan dutsen zinariya zuwa ƙauyuka irin su Dareta, daga baya gubar dalma ta shiga gidaje ta yi ɓarnar da ba na son tunawa. Bayan wannan kuma daji ya lalace, mashigin nan ma na daina jin labarinsa, Fulanin da muke gaisawa da su a bakin rafi ban san inda suka nufa ba. Gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara irin na maigida, na ajiye sitiyari ban taɓa wuce Gusau da mota a hannuna ba.

Abokina kuwa Lafiya ta karɓe shi, ya zauna can da iyalinsa. Shekarun baya kaɗan ya aiko min zai yi wa babban ɗansa aure, lallai in zo. Kowa ya ce in bi ta Abuja, ta fi sauƙi. Na ce ta Jos zan bi, ban gaya wa kowa dalili ba. Na kwana a Jos, da sassafe na riga kowa zuwa tasha don in kama kujerar gaba. Na zauna, na goge gilashin gabana da hannun riga. Mota ta kusa cika sai kamasho ya zo ya ce, “Baba, yi haƙuri ka koma baya, wannan wurin na oga ne.” Wani mai kaki ne ya iso. Na yi magana, na ce ni tsohon direba ne, daga Zamfara na zo musamman, babu wanda ya saurare ni. Aka cusa ni kujerar ƙarshe, a tsakiya, dama wani mai ƙaton kwali a cinya ya tare taga, hagu wata mata 'yar kasuwa da kwandunanta har ƙarƙashin ƙafafuna.

Direban matashi ne, tun daga tasha yake rigima da wani a waya. Bayan mun yi tafiya sai na ji kunnuwana sun toshe, gaban mota ya sunkuya, na san mun zo. Na leƙa ta tsakanin kawunan mutane, abin da na samu bai wuce tafin hannu ba: ɗan gefen dutse, ɗan sararin sama, sai hular wani ta rufe. Amma jikina yana jin hanyar. Ga kwana ta farko, ga ta biyu, duk inda maigida ya ce suna nan. Mutumin nan kuwa da hannu ɗaya yake tuƙi, bai sauko da giya ba, birki kawai yake takawa, har ina jin ƙaurinsa. Na ce, “Direba, sa lamba biyu!” Ko waiwaye bai yi ba, wasu samari suka yi dariya. Na dafe kujerar gabana, muka yi ta sauka.

Da hanya ta miƙe, matar da ke gefena ta taɓo ni ta ce, “Baba, don Allah ka cire ƙafanka, ka kashe mini tumatir.”

Na duba ƙasa. Ashe tun daga sama ƙafata ta dama tana cikin kwandonta, ina taka birki a duk kwana, takalmina ya yi ja har idon sawu. Na ba ta haƙuri, na zare ƙafar. Iyakar tuƙin da na yi a Hawan Kibo ke nan.